Ramin Ƙarfe Goma Sha Biyu

A garinmu na bakin kogin Tisa, in kana son a sa maka mitar ruwa, ko a samar wa surukarka gado kusa da taga a asibiti, ba ofis ake zuwa ba. Wurin Svetozar Gavanski ake zuwa, wanda kowa ke kira Toza. Ba shi da muƙami, ba shi da tebur, tun da masana'antar sukari ta rufe bai sake yi wa kowa aikin albashi ba. Abin da yake da shi waya ce da veza. Veza a bakinmu ita ce sanayya, wato ka san wani wanda ya san wani. Da yake harshenmu ba ya son ɓarnar kalmomi, veza ce kuma sunan jijiyar nan ta cikin gwiwa, mai riƙe ƙashin cinya da na ƙwauri kada kowa ya kama gabansa. Ta farkon, Toza ya fi kowa a gundumar. Ta biyun ce 'yarsa Isidora ta tsinka.

Shekararta goma sha tara a lokacin, tana buga ƙwallon hannu, har masu neman 'yan wasa daga Hungari sun fara zuwa kallonta. Ta yi tsalle ta jefa ƙwallo, ta dira a ƙafar dama, ƙafar ta kafe, jikin ya juya. Waɗanda ke zaune a gaba sun ce sun ji ƙarar. Toza bai ji ba, domin kafin a ɗauke ta daga fili wayarsa tana kunne.

A asibitin ƙashi na birni akwai likitocin gwiwa, akwai kuma layi na watanni. Shi Toza a wurinsa layi na marayu ne. Ya kira kum ɗinsa Lazar, wanda ya tsaya masa ranar aure, ya kuma riƙe Isidora ranar baftisma. Ƙanin matar Lazar yana farautar agwagwa tare da Farfesa Radak, shugaban sashen baki ɗaya. Kada dai a zalunci Farfesa. A aikin ƙugu babu kamarsa, rabin tsofaffin matan lardin nan da ƙugun da ya sa musu suke zuwa kasuwa. Gwiwar 'yan wasa ce kawai ya daɗe da bar wa na ƙasa da shi. Amma yarinyar da ta zo ta hannun abokin farauta ba a miƙa ta ga na ƙasa, cin fuska ne. Sai ya ce, "Ni da kaina zan yi mata."

Toza ya ɗauki wannan magana ya yi ta yawo da ita shekara guda. Wanzami ya ji ta, mai burodi ya ji ta, har limamin coci ya ji ta sau biyu. Da aka yi aikin, an kai wa Farfesa busasshiyar cinyar alade da jarkar barasar gida, kowa ya rabu da kowa cikin mutunci, ban da gwiwar. Isidora ta yi duk motsa jikin da aka ɗora mata, tana gudu a miƙe lafiya lau, amma da ta juya sai ta ji ƙafar ta kuɓuce mata. Duk lokacin da ta faɗa, Toza yakan ce, "Tsoro ne kawai, ɗana. Gwiwar da Farfesa ya taɓa da hannunsa?" Ɗana yake kiranta, yadda iyaye a nan ke kiran 'ya'yansu mata in ƙauna ta motsa, ko in suna son a yi shiru.

Karo na biyu ba a fili ta tsinke ba. A kicin ne, ta juya za ta miƙa wa uwarta Zorka gishiri. Ta zauna a ƙasa ba ta ko yi kuka ba, ta dai dubi ubanta, shi kuma ya mayar da wayar da ya zaro aljihu bai san dalili ba. Daga nan Isidora ta yi abin da ba a taɓa yi ba a gidan Gavanski: ta je ta shiga layi. Ta jira har kaka ta wuce, sunanta ya faɗa kan wata Dakta Aranka Bodnar, wadda Toza ya bincika ya tarar ba wanda ya san wanda ya san ta. Wannan ya tayar masa da hankali fiye da ciwon.

Ranar ganin likita ya bi ta, ya sa kwat. Dakta Aranka gajeriya ce mai furfura, magana a wurinta kamar da kuɗi take saye. Ta kwantar da Isidora, ta kama dugadugi ta murɗa ciki, ta lanƙwasa ƙafar a hankali, sai gwiwar ta yi tsalle a hannunta, har Toza ya gani daga inda yake. Ta juyo da hoton ƙashin wajensu.

"In jijiya ta tsinke, huda ƙashi ake yi sama da ƙasa, a zura wata, a danne da ƙusa. Mu cikin gwiwa kallon fuskar agogo muke yi masa. Ramin sama a ƙafar dama wajen ƙarfe goma ya kamata ya zauna. Wannan a ƙarfe goma sha biyu aka yi shi."

"A'a, Dakta, an rubuta miki ba daidai ba," in ji Toza. "Ƙarfe takwas na safe aka yi. Ita ce ta farko ranar, ni na shirya."

Isidora ta rufe fuska da hannu. Dakta ba ta yi dariya ba, ta ɗora yatsa a kan hoton. "Ba lokaci nake nufi ba, Malam Gavanski, wuri nake nufi. A goma sha biyu jijiya a tsaye take. Tana hana ƙafa zamewa gaba, ba ta hana ta murɗewa. Da can haka ake koyarwa. Yarinyar ba ta taɓa ce muku in ta juya tana jin ƙafar na kuɓucewa ba?"

"Ta ɗan faɗa," in ji Toza, yana kallon takalminsa.

Dakta ta ci gaba. Jijiyar ta yi ta gogar ramin kamar igiya a bakin rijiya, har ya faɗaɗa ya ci wurin da za a huda sabo. Don haka aikin sau biyu ne. A na farko za ta cire tsohuwar ƙusa, ta kankare ramin, ta ɗebo ƙashi daga ƙugun Isidora ta cike shi, yarinya ta koma gida ba jijiya. In ƙashin ya kama, wajen bazara, sai ta huda sabon rami inda ya dace, ta ɗauko agarar da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa da guntun ƙashi a kowane kai, ta ƙara mata ɗamara ta gefen waje. Agarar bayan cinya kuwa an riga an cinye ta a aikin Farfesa.

Toza ya gyara zama, ya sauke murya irin yadda yake yi in an zo ciniki. "Dakta, tsakaninmu. Ba wanda za a yi wa magana a haɗa ayyukan nan rana ɗaya?"

"Akwai. Ƙashi. Ni dai ban san wanda ya san shi ba."

"To batun agara, me zai sa a sake yankar yarinya? Ki ciri tawa."

Da gaske yake, har ya fara ɗaga ƙafar wando. Dakta ta dube shi, a karo na farko fuskarta ta ɗan saki. "Tun yaushe kake shan sigari?"

"Tun ina soja."

"Riƙe vezarka, Malam Gavanski. Tata ta fi." Ta rufe hoton. "Ranar Alhamis nake irin wannan aikin."

A mota ne Isidora ta gaya masa ma'anar Alhamis, yadda wata nas ta raɗa mata. Ranar ce Farfesa yake fadama wajen agwagwa. In yana asibiti, ɗakin tiyatar da ya ga dama yake shiga, kuma duk wanda ke riƙe da wuƙa sai ya matsa. Zai leƙa ya ce ai ga rami nan, a zura sabuwa a sa ƙusa mai kauri a rufe. Ba mugunta ba ce, amma cike ramin Farfesa daidai yake da a ce ramin ba daidai yake ba, kuma a sashen nan ba a haifi mai faɗar haka ba tukuna.

"Baba, gwiwar nan ba ta da karo na uku," ta ce. "Ba ma ta ƙwallo nake ba yanzu, so nake in sauka daga bas ba tare da na yi addu'a ba. Abu ɗaya nake roƙonka. Kada ka kira kowa."

"Haba ɗana, ni wa zan kira?"

"Rantse da raina."

Toza ya rantse, kuma ga mamakin duk wanda ya san shi, ya cika. Makonnin nan ya sha wuya. Yakan ɗauki wayar, ya shafa ta, ya ajiye. Zorka tana ganinsa tana cewa, "In hannun ya dame ka, ga dankali ka fere." Wanzami ya tambaye shi ranar aikin, ya ce bai sani ba, wanzami ya tsaya da reza a sama yana tunanin ko mutumin ba shi da lafiya. Abu ɗaya kawai ya yi. Ranar Laraba ya leƙa ta katanga ya ce wa Lazar, "Kum, gobe ka zuba wa tantabaruna hatsi, za ni birni da yarinyar." Tantabaru yake nufi, Allah ya sani. Sai dai a wurinmu ba wanda ke buɗe baki ya nemi alfarma, ambatawa ake yi a wuce. Shekara talatin Lazar yana jin irin wannan ambato daga bakin Toza, kuma bai taɓa ba shi kunya ba.

Da safiyar Alhamis, kafin a tura ta ɗakin tiyata, Isidora ta miƙa hannu. Ya ba ta wayar, ta jefa a jakarta, aka kulle jakar a kabad. Toza ya zauna a bencin baranda cikin mutanen layi, ba wanda ya san shi, ba wanda ya miƙe masa. Wata tsohuwa ma ta ce ya matsa. Yana nan yana ɗanɗana rayuwar marayu sai ya ji takun manyan takalma daga matakala, ya ga nas-nas suna gyara hula.

Farfesa Radak ne, da takalmin fadama, laka har ƙwauri, hannuwa a buɗe. "Gavanski, mutumin banza. Yarinyarmu tana kan tebur sai a bakin wani zan ji? Na bar agwagwa suna yi mini dariya na taho."

Toza ya dube shi. Ya tuna katanga, ya tuna tantabaru, ya gane komai a lokaci guda. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, domin ƙofar ɗakin tiyata tana bayan Farfesa taku kaɗan, kuma yarinyar tana ciki an kashe mata ƙafa da allura. Ya ce masa kada ya shiga? Wannan ba ya faɗuwa. Farfesa zai ji haushi ya shiga da ƙarfinsa, ya kuma tambayi wanda ya ce raminsa na da laifi. Toza bai iya aikin gwiwa ba, bai iya faɗar gaskiya ga manya ba. Abu ɗaya ya iya a duniya, sai ya miƙe ya rungume mutumin.

"Ranka ya daɗe, kunya ce ta hana ni. Mutum kamarka a dinga damunsa da gwiwar yara? Ina uwargida? Ina jikan nan mai goge? Wai an ce ya tafi birnin Biyana?"

"Ya tafi. Bari in wanke hannu in leƙa, mu yi magana bayan nan."

"Da sanyin fadama a jikinka? Ai ko an rataye ni ba ka shiga ba ka sha gahawa ba. Yanzu fa suka shiga, ko fata ba su gama shafawa ba."

Ya riƙe masa gwiwar hannu irin riƙon girmamawa wanda ba a iya fizgewa, ya sauko da shi kantin abinci na asibiti. Ya zaro 'yar kwalbar barasar gida da ya zo da ita a aljihun kwat, don bai san yadda ake zuwa asibiti hannu sake ba. Farfesa ya ɗaga tafi. "Ba yanzu ba, zan taɓa aiki." Toza ya yi murmushi ya sa aka kawo gahawa da burodin cuku. Ya tambayi agwagwa. Ya tambayi karen farauta da sunansa. Ya tambayi labarin janar ɗin nan da Farfesa ya sa wa ƙugu zamanin da, labarin da ya ji sau biyar, ya yi mamaki a duk wurin da ake mamaki. Da labari ya zo ƙarshe ya ce bai gane tsakiyar ba. Farfesa mutum ne mai son a saurare shi, kamar kowa, amma ba wawa ba ne, kuma gahawa ba ta da tsawo. Ya dubi agogon bango, ya share baki, ya miƙe.

"Aranka yarinya ce mai hannu, amma tana son wahalar da aiki. An ce wai cike rami za ta yi. Rami lafiyayye. Bari in je in taimake ta."

Toza ya miƙe tare da shi, bai san abin da zai yi ba sai da ya yi. Ya dafe ƙugun hagu, ya yi nishi, ya koma kan kujera da ƙarfi har cokula suka yi ƙara.

Farfesa ya tsaya cak. "Mene ne?"

"Ba komai, ranka ya daɗe. Ka je wajen yarinyar. Ni na saba."

"Tun yaushe?"

"Ya kai shekara. In na tashi daga zaune. Da hawan bene. Da sa safa."

Tsofaffin matan da ya samar wa gado sun ba shi labarin ƙugu har ya haddace, yau ga ranarsa. Idon Farfesa ya yi haske. Gwiwa a wurinsa alfarma ce yake yi wa mutane, ƙugu kuwa gidansa ne. "Shekara guda kana yawo da wannan kana sanina? Tashi. A hankali. Dafa ni."

Haka shugaban sashe ya tallabi Toza Gavanski suka wuce ta gaban ƙofar ɗakin tiyata, Toza yana ɗingishi yana addu'a kada ƙofar ta buɗe, suka shiga ɗakin duba marasa lafiya. Aka tuɓe masa wando. Farfesa ya kira ɗalibai su zo su ga yadda ake duba ƙugu, suka zo su wajen goma, yawancinsu mata, suka kewaye mutumin da gundumarmu ke tashi tsaye in ya shigo, yana kwance da gajeren wando mai hoton jiragen ruwa da Zorka ta sayo a gwanjo. Farfesa ya naɗe ƙafar, ya buɗe ta, ya murɗa ta inda Allah bai nufa ba. Nishin farko na ƙarya ne, na baya duk na gaskiya ne. Da aka gama Toza ya roƙi a bar ɗalibai su ma su gwada, ai ilimi ne. Farfesa ya yaba masa, ya ce da marasa lafiya duka haka suke da an huta. Daga nan aka tura shi ɗaukar hoto, Toza ya ce tsoron injin yake ji sai in Farfesa na kusa.

Hoto ya fito. Duk namijin da ya doshi sittin aka ɗauki hoton ƙugunsa ba za a rasa abin nunawa ba. Farfesa ya ɗaga shi wajen taga, ya yi ta gyaɗa kai cikin jin daɗi. "Ka gani nan? Ya fara cinyewa. Bayan bazara za mu sauya shi." Ya dafa kafaɗar Toza. "Kada ka damu. Ni da kaina zan yi maka."

Toza ya yi godiyar dole. Ana cikin haka wata nas ta leƙo ta ce Dakta Bodnar ta rufe, an fito da yarinyar. Farfesa ya yi tsaki, ya ce yaran yanzu gaggawa gare su, sannan ya ce tunda ba sauran aiki, ina kwalbar nan? Suka sha a kofin gahawa. Toza ya zubar da rabin tasa a rigarsa, Farfesa ya ce ciwon ƙugu yakan yi haka.

Isidora tana kwance a ɗakin mata, fuska ba jini, ƙafa a naɗe, ƙugu a manne da auduga. Dakta ta riga ta gaya mata an cire ƙusa, an cike rami, komai ya tafi yadda aka tsara. Tana jiran ubanta ta ce masa ya yi ƙoƙari. Sai ƙofa ta buɗe, ya shigo, hannun Farfesa Radak a wuyansa, su biyun suna ƙanshin barasa.

"Ga jarumarmu," in ji Farfesa. Ya ɗaga bargo ya leƙa naɗin, ya sauke. "Kada ki damu da komai, 'yata. Tun safe ina nan, muna tare da babanki, idona yana kan komai. Uba irin wannan ba kowa ke da shi ba. Aiki na biyu kuma ku sanar da ni da wuri." Ya fita yana barin laka a kan tayal.

Matar gadon kusa ta daina tauna tuffa.

"Abu ɗaya na roƙe ka," in ji Isidora.

"Ɗana, saurara. Ba yadda kike zato ba ne."

Yana faɗa ya ji kalmomin a kunnensa. Da su yake buɗe kowane labari tun tana 'yar ƙarama, ranar da ya manta da ita a tashar jirgi, ranar da ya sayar da kekenta ga ɗan sufeto. Duk da haka ya ci gaba, don ba shi da wata ƙofar shiga. Ya faɗi tantabaru, ya faɗi gahawa, ya faɗi janar, ya faɗi ɗalibai da wando mai jiragen ruwa. A rayuwarsa bai taɓa ba da labari ba ƙari ko ɗaya sai yau, kuma yana ji da kansa cewa bai taɓa ba da wanda ya fi wannan kama da ƙarya ba.

Ta saurara har ƙarshe, idonta a rufi. "Kum Lazar ko atishawa ba ya yi sai ka ce. Kuma ƙugunka lafiyarsa ƙalau, jiya ka hau rufin tantabaru."

"Ai abin da nake gaya miki ke nan."

"Wannan ya fi na bara daɗi, Baba. Ka ajiye shi, wanzami zai so shi." Ta juya fuska wajen bango, muryarta ta karye. "Da raina fa ka rantse. Da ya shiga fa? Aikin bazara Mama za ta kawo ni. Kai ka zauna gida. Wayarka tana cikin jaka, ɗauki abarka."

Ya buɗe kabad ya ɗauka. Kira bakwai daga Lazar, mai jiran godiya. Toza bai kira shi ba. Shekara da shekaru yana karɓar yabo a kan abin da ba shi ya yi ba, mitar ruwan da dama za a sa, gadon da dama ba kowa a kai, yau ga abu ɗaya da ya yi da jikinsa, kuma ba mai saye. Ya gyara mata bargo a kan lafiyayyar ƙafar, ba ta motsa ba, ya fita.

A baranda ya ci karo da Dakta Aranka, ta cire hular tiyata tana shan ruwa. Ta dube shi daga sama har ƙasa. A asibiti labari ya fi motar ɗaukar marasa lafiya gudu.

"An ce ƙugunka yana ciwo, Malam Gavanski."

"Sosai, Dakta."

"Na ga hoton. Ƙugun nan zai kai ka kabari da ƙafarsa in an ƙyale shi." Ta kurɓi ruwa. "Aiki na biyu ya fi wannan tsawo. Ranar ce zan huda sabon rami, kuma yanzu an san da zancen, Alhamis ba za ta ɓoye ni ba."

Toza ya dubi ƙofar ɗakin mata. "Dakta, ko za ki ɗan gaya wa yarinyar..."

"In gaya mata me? Cewa shugaban sashena yana bukatar a tsare shi? Gadaje shida ne a ɗakin nan, kowane da baki. Kafin yamma ya ji, kafin bazara an mayar da ni duba yatsun ƙafa." Ta jefa kofin a kwando. "Ni ban san komai ba. Tambaya kawai nake, a matsayin likita. Ciwon nan, kana jin zai sake tashi wajen bazara?"

"Ta ce kada in zo."

"Wurinta ta ce kada ka zo. Kanti a ƙasa yake."

Toza ya dubi matakala. Ya tuna hannun Farfesa a kan ƙafarsa, ya tuna abin da aka yi masa alkawari bayan bazara, wanda kowane nishi zai ƙara matso da shi. Ya tuna yarinyar zaune a ƙasan kicin da gishiri a hannu.

"Zai tashi," ya ce. "Ki dai ambata ranar ki wuce."

Ta gyaɗa kai ta tafi. Ya sa wayar a aljihu ya nufi matakala da sauri, don motar tana inda 'yan sanda ke ɗauka kuma yau bai gaya wa kowa ba. Sai ya hango Farfesa can ƙarshen baranda, cikin ɗalibansa, yana nuna shi da yatsa yana yi musu bayani. Toza ya rage tafiya. Sai da ya ɗan tsaya ya tuna wace ƙafa ce, sannan ya fara ɗingishi.